Manhajar da ke haɗa min kod ta mutu, in sayi wata?

Wani ɗan'uwa ya turo: "Ina amfani da sqlacodegen in fitar da kilas daga teburan rumbun bayanai, ina kunnawa sai ta mutu tana cewa ba ta ga ArgSpec ba. In sayi sabuwar kwamfuta?"

Haba malam, laifin me kwamfutar ta yi? Python 3.11, yaren da manhajar ke gudana a kai, shi ne ya cire ArgSpec, wani ɓangarensa da take nema, kai kuma tsohuwar sigar sqlacodegen ta 2.3 kake riƙe da ita. Ɗauko siga ta 3, shi kenan, ko sisi ba za ka kashe ba.

Wata ɗaliba kuma ta ce Hibernate Tools, wata manhajar haɗa kod daga teburan rumbun bayanai, na tsayawa a tsakiya, ga furojet ɗinta saura kwana kaɗan, har ta kasa barci. Kwantar da hankalinki ƙanwata, bayananki na nan, manhajar karanta tsarin tebur kawai take yi. Ki karanta saƙon kuskuren har ƙasa, "Caused by" na ƙarshe shi ne mai laifin. In rumbunki MySQL 8 ne ki duba direba, wato abin da ke haɗa manhajar da rumbun, sunansa ya koma com.mysql.cj.jdbc.Driver. In ba shi ba, ki riƙa ba ta tebur ɗaya-ɗaya har ki kama wanda ke kayar da ita, galibi wanda ba shi da babban mabuɗi (kolom ɗin da ke bambanta kowane layi) ne ko mai kolom da wani baƙon nau'i.

Sai mai tambayar inda zai samu jOOQ, wata manhajar haɗa kod daga rumbu, sigar kuɗi wadda aka fasa. Wallahi wannan ce ke ci min rai. Kai fa da hannunka za ka miƙa wa manhajar nan adireshin rumbunka da sunan shiga da kalmar sirri, to wanda ya fasa ta ya watsa kyauta ka san abin da ya cusa a ciki? Bayanan kwastomomin mutane ne fa, amana ce a wuyanka! Kuma ranar da ta mutu wa za ka kai wa ƙara, tunda kod ɗin an taɓa shi? In PostgreSQL, MySQL ko SQLite kake aiki da su, jOOQ na da siga ta kyauta halak malak. Oracle da SQL Server ne ke buƙatar lasisi, wannan kuma kamfanin da ya iya biyan Oracle ya biya. Kuma don Allah ku daina gwaji kan rumbun da jama'a ke aiki da shi, ku yi kwafi, ku buɗe asusu mai izinin karantawa kawai, shi za ku ba manhajar.