Amsa kan zanen kifi da jarida: aikin Oskar Rabin ne

Wa alaikumus salam. Malama, kin ɗora hoton zanen kifi kwance a kan jaridar Rasha, kina tambaya wa ya zana shi, kuma me ya sa ake kambama abu mai duhu da muni haka. Oskar Rabin ne, an haife shi a Mosko a 1928, ya rasu a birnin Florence na Italiya a 2018. Na yi karatu a Mosko, na kuma tsaya gaban zanensa da idona, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Da farko dai, waya tana cutar aikinsa. Mutumin nan lafta fenti yake yi da kauri, baƙi da ruwan ƙasa da toka-toka, ya zagaye kowane abu da baƙin layi. A waya sai ki ga duhu kawai. Idan kina gabansa kuwa za ki ga tudu da kwari a jikin fentin, ki ga ɗan hasken taga ko na fitilar kananzir yana fitowa daga cikin duhun.

Munin kuma da gangan ne. A zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma ma'aikata masu murmushi da gonaki masu yabanya take so a zana. Shi kuwa Oskar Rabin, maraya ne tun yana yaro, an kore shi daga makarantar zane ta Surikov, ya koma aikin sauke kaya daga taragun jirgin ƙasa. A Lianozovo, bayan garin Mosko, yake zaune cikin tsohon barikin fursunoni tare da matarsa Valentina, 'yar malaminsa Yevgeny Kropivnitsky. To abin da ke ƙofar ɗakinsa shi ya zana: bariki a karkace, juji, kyanwa, kwalbar barasa, kifin gishiri. Jaridar da ke ƙarƙashin kifin nan Pravda ce, bakin jam'iyyar Kwaminis. Ki duba fa, maganar gwamnati ta zama takardar ƙunshe kifi, kuma bai ƙara da komai ba. Tun 1960 wata jaridar matasa ta Mosko ta yi masa wankin babban bargo saboda zanen wani juji mai lamba 8.

Ranar Lahadi ɗakin nasu kan cika da masu zane da mawaƙa, har da baƙi 'yan ƙasashen waje, tunda babu zauren da zai rataya aikinsu. Sai a Landan aka fara yi masa baje koli shi kaɗai, a 1965.

Abin da ya fito da sunansa duniya ya faru ranar 15 ga Satumba, 1974. Shi da abokansa suka fitar da zanensu wani fili a unguwar Belyayevo, ba nisa da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar Patrice Lumumba inda 'yan Afirka da yawa muka zauna. Yau duk benaye ne, za ki wuce ba ki san an yi wani abu a wurin ba. Hukuma ta turo katafila da motocin feshin ruwa da ƙarti cikin farin kaya, wai sun zo dashen itatuwa. Aka tattake zane, aka doki 'yan jaridar waje, Rabin kansa ya maƙale a bakin katafila tana tafiya da shi. Labari ya bazu, kunya ta kama gwamnati, bayan mako biyu ta bar su suka baje kolin na awa huɗu a lambun Izmailovo, dubban mutane suka je.

Ba a yafe masa ba. A 1978 aka bar shi ya je Faransa, yana can aka soke masa zama ɗan ƙasa, ba a mayar masa ba sai 1990. Abin mamaki, tun 1972 ya zana fasfonsa na Sobiyet, ƙato, ya cika allo.

Ni a ganina aikinsa na Faris bai kai na Lianozovo ƙarfi ba, duk da cewa hannun bai canza ba. Idan za ki bincika, fara da zanen barikin da na fasfon, ki nemi hoto babba a kwamfuta. Wanda ke Mosko kuma ya leƙa sabon ginin gidan adana zane-zane na Tretyakov da ke titin Krymsky Val, inda ake ajiye zanen ƙarni na 20, amma ya tambaya tukuna, don sukan sauya abin da ke rataye.