Likita ya amsa tambayoyinku kan gyambon Buruli

Tambaya: Likita, gyambon Buruli dangin tarin fuka ne?

Amsa: Ƙwayar da ke haddasa shi, Mycobacterium ulcerans, danginsu ɗaya da ta tarin fuka da ta kuturta, amma ita fata take ci, kuma ba a san ta da yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya dawo daga ƙauye a yankin Ashanti na ƙasar Ghana da kullutu a ƙwauri, daga baya ya fashe. Ba ya yi masa zafi. Manya sun ce jifa ne, ana sa masa toka da ruwan batir.

Amsa: Baiwar Allah, don girman Allah a daina zuba ruwan batir a jikin yaro, domin yana ƙone naman da ya rage ne, ita kuwa toka tana jawo wasu ƙwayoyin cuta cikin miki. Raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mini yaro bayan irin wannan. Rashin zafin da ya sa kuka yi zargin jifa alama ce ta wannan cuta, saboda ƙwayar tana fitar da guba mai suna mycolactone wadda ke cin nama a ƙarƙashin fata tana kashe jin zafi, shi ya sa bakin gyambon yake da rami a ƙarƙashinsa, ɓarnar ta fi abin da ido ke gani. Cutar sananniya ce a Ghana, musamman wuraren fadama, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun fi kamuwa. Ki kai shi asibiti gobe, a ɗauki samfuri a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar. Idan ita ce, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne rifampicin da clarithromycin, a sha kullum har mako 8, tare da wanke mikin. Jinkiri kan kai cutar ga ƙashi, ko ya ƙage gaɓa har abada. Ki kai shi, kada ki jira.

Tambaya: Na fara shan maganin, fitsarina ya koma ja, mikin kuma ya ƙara faɗi. In daina?

Amsa: Malam, kada ka daina. Jan fitsarin aikin rifampicin ne, kuma miki kan faɗaɗa a farkon magani, amma ka koma wurin likitanka ya duba, musamman idan idanunka sun yi rawaya.