Amsoshin Tambayoyinku: Rubuta CV don Neman Aikin Dillancin Gidaje da Filaye

Tambaya: Na yi shekara uku ina sayar da kaya a kanti, yanzu kuma ina son aiki a kamfanin dillancin gidaje, amma ban taɓa sayar da ko ɗaki ɗaya ba. Ina tsoron ba ni da abin rubutawa a CV.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin abin da ke hannunki ya fi yadda kike zato. Rabin wannan sana'a ciniki ne da haƙuri da jama'a, kuma kin riga kin goge a kansu. Ki bar kalmomi irin su "mai ƙwazo" da "mai riƙon amana", tunda kowa yana rubuta su, ki faɗi abin da kika yi a zahiri: mutum nawa kike sallama a rana, ko ke ce ke riƙe da littafin ciniki, ko kin iya Excel, ko kina da lasisin tuƙi. Ki fara da aikinki na baya-bayan nan, sannan ki koma baya. Ki kuma duba tallar aikin da kyau, saboda sayar da gidaje daban, kula da gidajen haya da karɓar kuɗi a hannun 'yan haya daban, kimanta darajar kadara kuma wani fanni ne mai buƙatar karatunsa.

Tambaya: Wani ya ce in biya shi ya tsara mini CV mai launuka da zane-zane. In biya?

Amsa: Kada ka biya, Malam. Manyan kamfanoni da yawa suna tace takardun masu neman aiki da manhaja kafin idon mutum ya gan su, kuma zane da akwatuna kan rikita ta. Shafi ɗaya ko biyu, rubutu baƙi a kan fari, a adana shi a PDF, ya wadatar.

Tambaya: An yi mini tayin takardar shaidar kwas ɗin kimanta kadarori ba tare da na shiga aji ba, in kuma ƙara shekarun ƙwarewa a CV. Kowa haka yake yi, ko ba haka ba?

Amsa: Ba kowa ba ne, ɗan'uwa, kuma wannan tambaya ta ɓata mini rai. Ka tsaya ka dubi irin aikin da kake nema. Mutum zai tara gumin shekara ashirin ya damƙa maka don ka nemo masa muhalli, mai gida zai miƙa maka makullansa da takardun mallakarsa, kai kuma kana so ka shiga ƙofar da takardar bogi. Kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa kan abin da ka rubuta. Zai kira wurin da ka ce ka yi aiki, zai tuntuɓi makarantar da sunanta ke kan takardar, kuma ƙungiyoyin ƙwararru suna da rajistar mambobinsu. RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta kadarori wadda aka kafa a Landan a 1868, tana da jerin mambobi da ake iya bincikawa a intanet, a Amurka kuwa kowace jiha ce ke bayar da lasisin dillanci, ana kuma iya tantance shi.

Ko da ka tsallake wannan, ranar ganawa tana nan tafe. Za a ajiye maka bayanin wani gida a ce ka kimanta shi, ka kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan, ka faɗi abin da hayarsa za ta kawo a shekara bayan an cire kuɗin gyara. A nan ne ramin ƙarya ke nuna cewa ƙurarre ne. Abin da ya fi damuna shi ne, masu wannan sana'a sun san juna, kuma wanda aka kama sau ɗaya labarinsa yakan riga shi isa kamfani na gaba, ban da cewa amfani da takardar jabu laifi ne a gaban shari'a. Kuɗin da za ka ba ɗan damfara ka kai shi kwas na gaskiya, ko gajere ne, ko ka nemi gogaggen dillali ka bi shi wata shida, ka rubuta hakan yadda yake, shi kuma ya tsaya maka a matsayin mai ba da shaida.

Tambaya: In lissafa gidajen da na sayar tare da sunayen masu su da adireshinsu?

Amsa: A'a, ko kusa. Sirrin mutane ne, kuma manajan da ya ga haka zai ɗauka cewa gobe haka za ka yi da na abokan cinikinsa. Ka rubuta adadin gidajen, da nau'insu, da tsawon lokacin da suka ɗauka kafin a saye su.