Matsin Cikin Kai: Dole Sai An Huda?

Tambaya: Likita, ƙanena ya faɗi daga kan babur a Kwangila, aka ce matsi ya hau a cikin kansa. Sai an huda kan ake aunawa? (Daga Sabon Gari)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, ga ƙwaƙwalwa da jini da ruwa duk a ciki. Ɗaya ya ƙaru, sauran su matsu. A babban mutum yana kwance, awon yakan tsaya tsakanin 7 da 15 mmHg (ma'aunin matsi, irin na awon hawan jini), in ya haura 20 ya ƙi sauka sai an ɗauki mataki. Har yau awon da aka fi yarda da shi shi ne a huda ƙashi a zura siririn bututu, wanda ta nan ma ake rage ruwan. Sai dai akwai haɗarin ƙwayoyin cuta da zubar jini, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba.

Tambaya: Na ji ana ƙera ƙananan na'urorin sikanin da za su auna daga waje. Da gaske ne? (Ɗalibi, Samaru)

Amsa: Da gaske ne. Irin sikanin ɗin masu juna biyu ne, mai aiki da sauti. Ana ɗora shi kan fatar ido a rufe, a auna kaurin rigar jijiyar gani milimita 3 a bayan ƙwayar ido, domin tana kumbura in matsi ya hau. Ana kuma duba gudun jini ta gefen kai, inda ƙashi ba shi da kauri, ko da yake a wasu tsofaffi sautin ba ya ratsawa. Ana so na'urar ta zama mai cin wuta kaɗan, dalili kuwa biyu ne: ido ba ya jure ɗumi, sannan ana so ƙaramin batir ya riƙe na'urar tana manne da majinyaci dare da rana. Mu da muka san halin wutarmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni a ganina tana nuna alama ce kawai, ba ta kai ta maye gurbin bututu ba, kuma masu mannewar suna matakin gwaji.

Tambaya: Maɗigar jaririna ta kumbura, ga zazzaɓi. (Uwa, Tudun Wada)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki shafa komai, kada ki jira wayewar gari. Yana iya zama sanƙarau. Ki kai shi asibiti mafi kusa yanzu, in da hali Asibitin Koyarwa na Shika.