Tambaya da Amsa: Tsofaffin fina-finan Amurka na kangararrun matasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Agege, ina sayar da atamfa da leshi. Ɗana na fari shekararsa 16. Kwanakin baya na same shi cikin dare yana kallon wani tsohon fim ɗin Turawa a waya, baƙi da fari, hoton ma har rawa yake yi. Na tsaya a bayansa na ɗan leƙa: 'yan makaranta ne a wani ɗaki suna busa wiwi, ga kuma wata yarinya da ubanta ya raba ta da saurayinta, ta sulale ta bi shi. Da na hau shi da faɗa sai ya ce wai fim ɗin faɗakarwa ne, har ya mayar da shi farko ya karanta min rubutun da ke cewa an yi shi ne don iyaye su farka. Gaskiya yake faɗa min? In ƙwace wayar ko in ƙyale shi? Babansa direban tirela ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba.
Daga Maman Nura, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Nura. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Yaronki bai yi miki ƙarya ba, irin wannan rubutu yana nan a farkon da yawa daga cikin fina-finan nan. Sai dai wanda ya rubuta shi, cinikin tikiti ne a gabansa, tarbiyyar 'ya'yan mutane tana can baya.

Na san su ne tun lokacin da nake da shagon hayar kaset a nan Agege, kusa da inda Pen Cinema take a da, wurin da gadar sama ta ratsa yanzu. In na sari kwalin kaset a Idumota, akan sami uku ko huɗu irinsu a ƙasan kwalin. Masu haya Indiya da Canis suke nema, don haka ni kaɗai nake zama in kalle su bayan na rufe shago. Daga nan na fara bin diddigin yadda aka yi su.

Asalin abin kasuwa ce ta juya. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen silimar da suka mallaka. Ana cikin haka talabijin ta shiga gidaje, magidanta suka daina fita kallo da dare. Wa ya rage? Samari da 'yan mata, waɗanda a lokacin suke da ɗan kuɗin kashewa a aljihu, wasu har da mota. Silimar fili, wadda ake shiga da mota a yi kallo daga cikinta, ta yawaita har ta haura 4,000 a ƙasar wajen 1958. Masu waɗannan wurare suna neman fim mai arha da zai jawo matasa kowane mako. Manyan kamfanoni sun riga sun nuna akwai kuɗi a labarin kangararrun yara: a 1955 aka fitar da Blackboard Jungle da Rebel Without a Cause, na biyun ya fito ne makonni kaɗan bayan jaruminsa James Dean ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 24. Sai ƙananan 'yan kasuwa suka ce su ma ba za a bar su a baya ba.

Fitattu a cikinsu su ne James Nicholson da Samuel Arkoff, waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1954, daga baya ya koma American International Pictures. Ki ji yadda suke aiki, Hajiya, domin a nan amsar tambayarki take. Sukan fara da sunan fim mai tayar da hankali, a zana fosta, a nuna wa masu gidajen silima. In sun ce zai sayu, sannan a nemo marubuci a ce ya ƙirƙiro labarin da zai dace da fostar. A ɗauke shi cikin kwana goma ko sati biyu, a haɗa shi da wani irinsa, tikiti ɗaya fim biyu. Wanda ya zana yarinya da matsattsun kaya da sigari a baki tun kafin ya san me zai faru da ita a labarin, kin san abin da yake sayarwa.

To me ya kawo wa'azin farko? Tsoron almakashin masu tacewa. Tun 1934 masana'antar fim ta Amurka take aiki da wata ƙa'ida mai tsauri da ta hana nuna harkar miyagun ƙwayoyi, kuma jihohi da birane da dama suna da nasu hukumomin tace fim. Mai son ya nuna abin da aka hana sai ya lulluɓe shi da rigar ilimantarwa: rubutu a farko, ɗan sanda ko alƙali ko likita ya yi jawabi a ƙarshe. Dabarar ta girmi shekarun 1950. A 1948 'yan sanda sun kama fitaccen jarumi Robert Mitchum tare da wata matashiyar jaruma, Lila Leeds, kan tabar wiwi, aka yanke musu kwana 60. Shi ya fito ya ci gaba da haskakawa. Ita kuwa manyan kamfanoni suka juya mata baya, sai masu ƙaramin jari suka ɗauke ta a 1949 ta fito a fim ɗin yarinyar da wiwi ta lalata, ana tallata shi da abin kunyar da ya same ta a zahiri. Duk lokacin da na tuna labarin yarinyar nan sai raina ya sosu. An kira abin gargaɗi, alhali da hawayenta aka ci kasuwa.

A 1955 darakta Otto Preminger ya fitar da fim ɗin da Frank Sinatra ya fito a matsayin wanda muguwar ƙwayar nan hiroyin ta kama, ba tare da hatimin masu ƙa'idar ba, kuma fim ɗin ya karɓu. A ƙarshen 1956 aka sassauta ƙa'idar, ƙofa ta buɗe. A 1958 kaɗai an ga irin su High School Confidential, inda sabon ɗalibi ashe jami'in farin kaya ne da aka turo ya bankaɗo masu sayar da ƙwaya a makaranta, da The Cool and the Crazy, inda wiwi take mayar da 'yan aji kamar mahaukata. Ƙasar ma a tsorace take a lokacin. Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti kan kangarar yara tun 1953, kuma dokar 1956 ta ba da damar yanke hukuncin kisa ga wanda ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 hiroyin. Masu fim sun ga iyaye a firgice, 'ya'ya kuma suna ɗokin ganin abin da ake ɓoye musu, sai suka ci kasuwa ta baki biyu.

Batun soyayyar da aka hana kuwa, shi ne man da ke tafiyar da injin. Misali mafi kusa da abin da kika gani shi ne The Delinquents na 1957, fim ɗin farko na Robert Altman, wanda ya ɗauka a garinsu Kansas City da kuɗin da bai kai dala 70,000 ba. Uban yarinya ya ce ta yi ƙanƙanta da tsayar da saurayi, ya hana yaron zuwa. Yaron yana cikin ɓacin rai sai 'yan iskan gari suka jawo shi jiki, suka ce za su taimaka masa ya gan ta. Daga nan komai ya lalace. Ki lura da iyayen da ke cikin irin waɗannan labarai: ko ba sa gida, ko kuma tsawa kawai suka iya. Da wuya ki ga wanda ya zauna ya tambayi ɗansa me ke damunsa. Wannan gefen, ko da gangan suka yi ko a'a, sun faɗi gaskiya.

Inda nake da babbar matsala da su shi ne ƙaryar da suke yi wa ƙwayar kanta. A fim, yaro zai ja wiwi sau ɗaya, gobe ya haukace, jibi ya yi kisa. Nura a Agege ya tashi. Yana wucewa ta gefen titin jirgi, yana ganin masu busa ta da yamma, washegari kuma ya gan su suna kiran fasinja a bakin danfo. Ya san ba haka abin yake ba. Ranar da ya gane an yi masa ƙari a nan, sai ya haɗa har da gargaɗin gaskiya ya watsar. An taɓa ganin haka a can ma: Reefer Madness na 1936, da aka yi don tsorata iyaye, a farkon shekarun 1970 masu fafutikar a halatta wiwi ne suka riƙa nuna shi ga ɗaliban jami'a ana ta dariya, suna tara kuɗin fafutikarsu da shi.

Gaskiyar abin a hankali take cin mutum, shi ya sa ba ta yin kyau a fosta. Akwai wani yaro a layinmu da yake koyon ɗinki, hannunsa da kyau, in ya ɗora aljihun kaftani kamar da ruwa aka shafe shi. Na fara lura kullum da robar lemo a ƙarƙashin kekensa, ba ya bari kowa ya kurɓa. Ashe maganin tari mai kodin yake juyewa a ciki. Wata shida babu abin da ya canza sai barci, za ka same shi ya kifa kai a kan keke da azahar. Sai ɗinki ya fara karkacewa. Sai dutsen guga ya ɓace a shagon, bayansa almakashi, bayansa yadin wani mai biki. Shekara biyu aka ɗauka kafin mahaifiyarsa ta yarda da abin da duk layin ya riga ya sani. Babu jiniyar 'yan sanda, babu mota mai cin wuta. A 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken BBC, kuma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda. Abin tsoron yana bakin ƙofarmu, ba sai an nemo shi a fim ɗin da ya girmi kakan Nura ba.

Don haka shawarata kada ki ƙwace wayar a kan wannan. In kin ƙwace, zai kalla a ta abokinsa, ke kuma kin rasa hanyar sanin me yake kallo. Ki sa masa lokacin ajiye ta da dare, ta kwana a ɗakinki. Sannan wata rana bayan isha'i ki ce ya kunna miki fim ɗin ku kalla tare, ya riƙa fassara miki. Yaro yana jin daɗi in ya zama shi ne mai sani a gaban mahaifiyarsa, bakinsa zai buɗe. A tsakiya ki tambaye shi, a ajinsu akwai mai irin halin wancan? Me yaran yanzu suke sha? Ki saurara ko da amsar ta ɗaga miki hankali. Wataƙila ma ba hayaƙin ne ya riƙe shi a fim ɗin ba, labarin yarinyar ne, kin ga wannan wata hira ce daban da ya kamata babansa ya shigo ciki. Ko yana Apapa yana jiran lodi, kiran minti goma kullum ba zai gagare shi ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne yawan barci da rana, jan ido, canjin abokai, da ɓacewar ƙananan kuɗi a jakar cinikinki. In kin ga biyu ko uku sun haɗu, ki kai shi wurin likita tun da wuri, kada kunyar maƙwabta ta hana ki.

TAMBAYA: Malam, ni da abokaina muna son mu shirya ɗan fim ɗin Hausa da waya a kan shaye-shaye a unguwarmu, amma jarinmu kaɗan ne. Akwai abin da za mu koya daga waɗannan tsofaffin fina-finan Amurka masu arha?
Daga Auwalu, Idi-Araba, Legas.

AMSA: Akwai sosai, ƙanena, ta fuskar tattali. Mutanen nan ba sa kunna kyamara sai labari ya kammala a takarda. Sukan taƙaita wuraren ɗauka zuwa uku ko huɗu, su yi aiki da hasken rana inda ya yiwu, su ɗauki duk fitowar da ke wuri ɗaya a yini ɗaya. Ku ma shagon tela ɗaya, soro ɗaya da bakin titi sun ishe ku. Kuɗin da kuka rage ku sa shi a na'urar ɗaukar murya, domin hayaniyar janareta da okada a Idi-Araba za ta cinye maganar jarumanku, kuma mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji.

Abin da ba na so ku ɗauko shi ne minti sittin na holewa da minti biyar na nadama. Kada ku nuna yadda ake haɗa abin, kada ku ba dilan ƙwaya kayan da suka fi na kowa kyau da maganganun da yara za su riƙa maimaitawa a layi. Ku je ku zauna da wanda ya daina, in ya amince, ku tambaye shi me ya fara sayarwa a gidansu, da wa ya fara daina gaishe shi. Ku ba uwar yaron fitowa mai tsawo. In kuna da niyyar sayar da shi a kasuwa, sai ya bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa tukuna. Idan kun gama rubuta labarin, ka aiko min ta adireshin mujalla in karanta kafin ku fara ɗauka.