Kuɗin share ƙura a kamfanin niƙa ba asara ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin niƙan masara da haɗa abincin kaji. Injiniyan da ke duba mana injuna ya matsa mini in riƙa tsayar da aiki na 'yan sa'o'i duk mako a share ƙura, in kuma sayi na'urar zuƙarta, wai gari yana fashewa. Ga tsadar dizal, ga albashi. Anya ba so yake kawai in kashe kuɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Injiniyan nan gaskiya ya faɗa maka, ka riƙe shi hannu bibbiyu.

Garin da ke cikin buhu ba ya fashewa, ko wuta ta kama shi a hankali za ta ci. Amma idan lallausan gari ya tashi ya cika iska a rufaffen wuri, ya gamu da tartsatsi ko ƙarfe mai zafi, gaba ɗaya yake kamawa lokaci guda, ƙarfinsa ya ture bango. Fashewar farko galibi ƙarama ce, a cikin inji ko bututu. Girgizarta ce ke kakkaɓo ƙurar da ta daɗe kwance a kan ƙarafan rufi, saman silin da kan fitilu, sai ta biyu ta biyo baya, ita ce mai cin rayuka. Shi ya sa sharar ƙasa kaɗai ba ta fisshe ka ba, haɗarin yana sama inda ido ba ya zuwa.

A matatar sukari ta Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka, fashewar ranar 7 ga Fabrairu 2008 ta yi sanadin rasuwar mutum 14 ta wannan hanya. An rufe bel ɗin ɗaukar sukari da ƙarfe don kada datti ya shiga, ba a sa abin zuƙe ƙura ba, kuma masu bincike sun fi zargin boris (ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa) da ya yi zafi ne ya tada wutar. A 2017 kamfanin niƙan masara na Didion a jihar Wiskonsin ya fashe, ma'aikata 5 suka mutu. Wannan kam sana'arka ce sak. Kada ka jira ƙura ta yi tudu: kaurin da bai kai milimita 1 ba, idan ya bazu a faɗin wuri, masana sun ce ya isa. In ka daina ganin launin fentin ƙarfe, an wuce gona da iri.

Ta ɓangaren kuɗi, kada ka fara da sayen na'ura. Fara da toshe inda gari ke zuba, domin abin da ke kwance a rufin nan masararka ce da ka biya kuɗinta. Sa maganaɗisu a bakin mazurari ya kama ƙusa da guntun ƙarfe kafin su shiga inji. A riƙa sa wa boris giris, ana lura da zafinsa. Mai walda kada ya kunna wuta sai an kashe injuna an share wurin tas. Taba kuwa a bakin ƙofa take tsayawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran da ke hure ƙura da injin iska don su gama da wuri. Da hannunsu suke haɗa abin da ake gudu. Ka hana wannan yau, a koma burushi mai laushi da tsumma mai danshi, a hankali, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe ƙamas.

Shara kaɗan a ƙarshen kowane aiki ta fi arha, don za ta rage sa'o'in da za ka tsayar da inji a mako. Idan ka tashi sayen na'urar, ka nemi wadda aka ƙera don ƙura mai kama wuta, ta gida tana iya fitar da tartsatsi. Sannan ka ajiye littafin da ake rubuta ranar shara da sunan wanda ya yi, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka a rubuce ko yarjejeniyarku ta haɗa da fashewar ƙura.