Ku Tambaya Mu Amsa: Komawa Gasar Ninƙaya, Keke da Gudu Bayan Targaɗe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a yankin Tiga, ina cikin masu sha'awar gasar nan mai hawa uku, wadda ake fara ninƙaya, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Wata biyu da suka wuce na faɗa rami ina gudu a kan burji, na yi targaɗe a idon sawun dama. Mai ɗori ya ja ya ɗaure. Yanzu kumburi ya sace, ba na ɗingishi. Akwai ƙaramar gasa da nake son shiga nan da wata uku. In koma atisaye?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara sauƙi. Wata uku za su isa idan gasar ta gajeren zango ce, wato ninƙaya mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Idan kuwa mai tsawon gasar Olamfik ce, mita 1,500 da kilomita 40 da kilomita 10, ka bar ta sai wani karon.

Amma ka sani, daina jin ciwo daban, warkewa daban. Targaɗe yagewa ce ko miƙewar jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan idon sawu. Ƙaramin targaɗe kan lafa cikin mako biyu zuwa uku, matsakaici ya kai mako shida, mai tsanani ya ci wata uku ko fiye. Ciwo yakan tafi tun da nisa kafin ƙarfin jijiya ya dawo. A cikin jijiyoyin nan kuma akwai abin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, ko ta karkace ko tana daidai. Targaɗe na lalata wannan saƙon, shi ya sa ƙafar da ta taɓa gurɗewa take saurin sake gurɗewa ko a kan ɗan tsakuwa.

Kafin komai, ka danna bayan ƙashin idon sawun da yatsa, ciki da waje, sannan ka danna gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa, wajen tsakiya. Idan har yanzu ƙashin kansa yana maka zafi kamar an soka allura, to je a ɗauki hoto. Hannun mai ɗori, komai gwanintarsa, ba ya ganin ƙaramar tsagewar ƙashi, kuma ja ba ya gyara jijiyar da ta yage. Babban asibitin da ke kusa da kai zai iya ɗaukar hoton; in abin ya fi ƙarfinsu, Asibitin Ƙashi na Dala na nan a birnin Kano.

In babu wannan zafin, sai ka gwada ƙafar da kanka, kana kwatanta ta da 'yar'uwarta. Tsaya a kanta ita kaɗai daƙiƙa 30, ido a buɗe, sannan ido a rufe. Dafa bango ka ɗaga dunduniya sama a kan ƙafa ɗaya sau 20 ba tare da ƙafar ta karkace waje ba. Yi tsalle a kanta sau 10 a wuri guda. Sa babban yatsa kimanin santimita 10 daga bango ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Sai tafiya da sauri ta minti 30, ka ga yadda ƙafar za ta kwana. Wanda duk ka kasa a cikinsu, shi ne aikinka na mako biyu masu zuwa, gudu kuma ya jira.

Aikin ƙarfafawa ba ya buƙatar kayan zamani. Nemi tsohon tiyub na keke wurin mai faci, ka ɗaure shi a ƙafar gado, ka saƙala gaban ƙafarka kana turawa waje, sau 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuma ka riƙa yin ta a kan matashin kai ko tabarmar da aka ninka, minti biyu safe da yamma. Wannan ɓangaren ne mutane suka fi rainawa, mu kuwa a ganinmu ya fi duk wani gashi da man shafawa amfani.

Keke za ka fara da shi, domin nauyin jiki na kan sirdi. Minti 20 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kwana uku a mako, kana ƙara minti biyar zuwa goma duk mako. Sa giya mai sauƙi yadda ƙafa za ta juya sau 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga na ƙafa ɗaya cikin daƙiƙa 15, ka samu 20 ko 22. In kekenka ba mai giya ba ne, guji tudu da tuƙi a tsaye har sai mako na huɗu. Duba tsayin sirdi ma: ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi tsawo yana sa mutum miƙa yatsu ƙasa, agara ta sha wahala. Wanda ya yi gajarta kuma gwiwa yake ci.

Gudu shi ne na ƙarshe, saboda duk takun da ka yi ƙafa na ɗaukar nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku. Makon farko, tafiya minti huɗu, gudu minti ɗaya, sau shida. Mako na biyu, tafiya uku gudu biyu. Na uku, tafiya biyu gudu uku. Na huɗu, tafiya ɗaya gudu huɗu. Wajen mako na biyar ko na shida ka yi minti 20 a jere. Kullum ka tsallake kwana guda tsakani. Ka yi a filin ƙwallon makarantarku, bayan ka zaga da ƙafa ka ga inda ramuka suke. Ban da rairayi mai zurfi, ban da hanyar gona mai kunya-kunya, ban da gudun asuba cikin duhu.

A nan ne masu keke suke faɗawa tarko. Keke zai dawo maka da numfashi cikin 'yan makonni, ka ji ƙirji wasai, ka ɗauka ƙafa ma ta shirya. Zuciya da huhu sun fi jijiya da ƙashi saurin sabawa da aiki, sai mutum ya ninka gudu a mako guda, ya koma gida da kumburi ko ciwon ƙwauri. Sauri ya haifi nawa ke nan. Kada ka ƙara nisa ka kuma ƙara sauri a mako ɗaya. Ɗauki ɗaya ka bar ɗaya.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. Ka auna ciwon daga sifili zuwa goma. In bai wuce uku ba, bai sa ka ɗingishi ba, kuma ya tafi kafin washegari, ci gaba. In ka tashi da kumburi ko taurin da ya fi na jiya, huta kwana biyu ka koma matakin makon baya. In ƙafar tana kuɓucewa kamar za ta zube da kai, tsaya ka ga likitan gashin ƙashi.

Daga mako na takwas ka fara haɗa biyu: keke minti 30, ka sauka nan take ka yi gudu minti biyar zuwa goma. Ƙafa kan yi nauyi bayan sauka daga keke, taku ya rikice, kuma a nan targaɗe ya fi dawowa ranar gasa. Makon ƙarshe ka rage komai zuwa rabi. In kana da ɗamarar idon sawu mai igiya, ɗaura ta a gudu, tana rage yawan sake gurɗewa.

TAMBAYA: Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim. Gwiwata tana ciwo tun da na faɗi a keke. Abokaina sun ce in riƙa shan diklofenak kafin atisaye. Ya halatta a likitance?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Ƙwayar za ta rufe bakin ciwon ne kawai, kai kuma ka ci gaba da yi wa gwiwar illa ba ka sani ba. Ƙari a kan haka, diklofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in aka haɗa da zufar bazara da ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda na iya taɓuwa. Suna kuma tayar da gyambon ciki, musamman a kan yunwa. Tiramol kuwa kada ma a kawo zancensa. In gwiwar ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan da faɗuwar, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sullewa in ka juya, a duba ta a asibiti kafin ka sake hawa keke.

TAMBAYA: An ce ninƙaya ta fi komai dacewa da mai rauni. Mu nan wajen Haɗeja ba mu da wurin ninƙaya na zamani sai kogi da kududdufi. Za mu iya yi a ciki?

AMSA: Gaskiya ne ruwa na ɗauke nauyin jiki, amma ruwan dam da magudanan noman rani da kududdufai a Kano da Jigawa suna da tsargiya. Tsutsarta na fitowa daga ƙananan katantanwa ta ratsa lafiyayyar fata, ba sai an sha ruwan ba. Bayan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Bakin ruwa mai ciyayi, inda ruwa ke kwance, nan katantanwar ta fi yawa. Wanda ya saba shiga irin wannan ruwa ya je a gwada fitsarinsa. Maganin shi ne furazikwantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum, miligiram 40 a kowane kilo, kuma ba ya hana sake kamuwa. Mai buɗaɗɗen ciwo ko ɗinki kada ya shiga ko kaɗan.

Shawararmu ga mai shirin gasa, ya tara kuɗin mota ya riƙa zuwa wurin ninƙaya mai magani a birni ko da sau biyu ne a wata, sauran kwanakin ya ƙarfafa kafaɗu da tiyub a gida. In ya shiga ruwan, ya bar salon bugun ƙafa irin na kwaɗo, domin yana murɗa gwiwa da idon sawu. Ya matse wani abu mai tasowa a ruwa tsakanin cinyoyinsa, ya ja da hannu kawai, mita 25 sau takwas yana hutawa tsakani, ya ƙara sau biyu a kowane zuwa.